Neman Ƙasashe Ɗari Ta Wayar Iska

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Da kwamiti ya aiko mini da takardar gayyata, an ce in zaɓi abin da na ga dama in yi magana a kai, muddin ɗalibai za su ƙaru. To, na zaɓi in yi magana a kan wani aiki da ba a biyan mai yinsa ko sisin kwabo, amma yakan hana shi barci, ya fitar da shi tsakar gida da asubar fari cikin hunturu yana gyaran waya. Wannan aiki shi ne rediyon sha'awa, watau mutum ya kafa 'yar tasharsa a gida da izinin hukuma, ya riƙa magana da takwarorinsa na nesa ta iska, ba tare da layin tarho ko intanet ba. Ni ma ina cikin masu wannan ɗawainiya, kuma a ƙarshen jawabi akwai roƙon da zan yi wa ƙungiya.

Mu da akwatin rediyo

Mu Hausawa ba baƙin gajeren zango ba ne. Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus da rediyon birnin Sin suka kama Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, rediyon Faransa kuma a 2007. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan nan kafin zuwan wayar salula a 2001 ya san dattijo mai rataya akwatinsa a reshen bishiya a bakin gona, ya san teburin mai shayi inda ake yin tsit idan an soma labaru, ya kuma san yadda ake shanya batir a rana don ya ƙara kwana biyu. Mun rubuta wasiƙu, mun aika katin zaɓe, mun kafa ƙungiyoyin masu sauraro. Sai dai a duk wannan ciniki, su ke magana mu muna ji. In muna da amsa, sai ta bi gidan waya ta yi makonni a hanya.

Masu rediyon sha'awa su ne suka ce a'a, mu ma a ba mu gurbi mu yi magana. Dokokin Hukumar Sadarwa ta Duniya da ke Janeba sun amince da su, an kuma keɓe musu zangunansu. Sharuɗɗan a fili suke: sai da jarrabawa da lasin, ba a kasuwanci, ba a sa waƙoƙi don nishaɗantar da jama'a, ba a magana a dunƙule don ɓoye ma'ana. Manufa ita ce koyar da kai, sada zumunci da binciken fasaha. Kowane mai lasin yana da lambar kira tasa shi kaɗai a duniya, kuma farkon lambar ke nuna ƙasarsa. Nijeriya 5N, Nijar 5U, Cadi TT, Kamaru TJ, Gana 9G, Saudiyya HZ, Japan JA, Barazil PY. Kafin mu sami mulkin kai a 1960, da ZD2 ake kiran tashoshin ƙasar nan. Muna kuma da ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ƙasa, wadda ake kira NARS a taƙaice, kuma tana cikin haɗaɗɗiyar ƙungiyar duniya.

Yadda abin ya faro

A ranar 12 ga Disamba, 1901, Marconi ya ba da labarin cewa ya ji harafin S, ɗigo uku na bugun Mos, ya tsallako tekun Atilantika daga Ingila zuwa Niyufanlan. A wancan zamani masana sun ɗauka dogon zango kaɗai ke iya tafiya mai nisa. Saboda haka da Amurka ta yi dokar rediyo a 1912, sai aka kora masu sha'awa zuwa zangunan da ba su kai mita 200 ba, kamar yadda akan ba yaro gefen gona mai tsakuwa a ce ya yi wasa. Ashe nan albarkar take. A watan Nuwamba na 1923, wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy a birnin Nis ya yi musayar saƙo kai da kai da Fred Schnell a Amurka a kan zango na wajen mita 110, da na'urorin da ba su kama ƙafar na manyan kamfanoni ba. Daga nan gwamnatoci da kamfanoni suka ruga gajeren zango. Ke nan labarun da kakanninmu suka riƙa ji daga Landan sun biyo hanyar da masu sha'awa suka taimaka aka share. A ranar 18 ga Afrilu, 1925, aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta duniya a Paris, shi ya sa har yau suke bikin wannan rana kowace shekara.

Yadda murya ke tsallake teku

Ɗalibai, ku kasa kunne nan, domin wannan yana cikin darasinku na kimiyya. Kun sha jin ana cewa mita 49 ko mita 31 ko mita 16. Wannan mitar tsawon igiyar rediyon ce, daga ƙololuwa ɗaya zuwa mai bi mata. Igiyar tana gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. In ka raba 300 da yawan megahaz, ka sami tsawon zango a mita. Alal misali, rediyon Kaduna ta daɗe tana watsawa a kan kilohaz 6090, watau megahaz 6.09, raba 300 da shi, ga mita 49 ta fito. Lissafin ke nan, ba tsafi.

To, duniya a dunƙule take, igiya kuwa miƙe take tafiya. Yaya za ta kai Landan, kimanin kilomita 4,500 daga Kano? A can sama, daga wajen kilomita 60 har zuwa ɗaruruwa, akwai wani rufi na iska wanda hasken rana ke cika shi da lantarki, ana ce da shi ayonosfiya. Wani masani ɗan Ingila, Edward Appleton, ya sami lambar Nobel a 1947 saboda bincikensa a kan wannan rufi. Igiyar gajeren zango takan tashi ta tarar da shi, ya lanƙwaso ta ƙasa, ƙasa ko teku ta sake cilla ta sama, haka-haka tana tsalle kamar ƙwallo. Tsalle guda yakan kai kilomita 4,000. Zuwa Tokiyo, sama da kilomita 12,000 daga nan, sai ta yi tsalle da yawa, kowanne yana rage mata ƙarfi.

Rufin nan kuwa ba ya zama hali guda. Da rana akwai wani sashe na ƙasa-ƙasa da ke shanye igiyoyi masu tsawo, da dare ya watse. Shi ya sa tashoshin nesa na matsakaicin zango suke fitowa tar bayan isha'i. Haka nan rana kanta tana da zagaye na kimanin shekara 11, inda baƙaƙen tabo a fuskarta suke yawaita su ragu. Zagaye na 25 ya soma a Disamba 2019, ya kai ganiyarsa a 2024. Idan tabon ya yi yawa, zangunan mita 15 da mita 10 sukan buɗe, ƙaramar na'ura ta kai ka bangon duniya. Idan ya ragu, sai haƙuri. Akwai kuma 'yan mintocin ketowar alfijir da na faɗuwar rana, waɗanda mai neman nesa ba ya wasa da su, don a lokacin hanyoyin da suke rufe dukan yini sukan buɗe kaɗan su sake rufewa.

Kayan aikin ba su da ban tsoro. Eriyar mita 20 waya ce kawai mai tsawon mita 10, an raba ta biyu a tsakiya, an ɗaure tsakanin bishiya da sanda. Na'urar da aka fi amfani da ita wat 100 take fitarwa, daidai da tsohon ƙwan lantarki guda, kuma batirin mota yana ɗaukarta. Akwai ma masu taurin kai da suka ce ba za su wuce wat 5 ba, kuma suna tsallake teku da hakan.

Lambobin yabo

A harshen masu wannan harka, DX na nufin tasha mai nisa. Tun da ɗan'adam ba ya rabuwa da son gasa, sai aka ƙago lambobin yabo. Ta farko da sabon shiga ke hari ita ce WAC, shaidar cewa ka yi magana da nahiyoyi shida: Afirka, Turai, Asiya, Amurka ta Arewa, Amurka ta Kudu da Oshiyaniya. Daga nan ƙasar Hausa Turai a bakin ƙofa take, in yanayi ya yi kyau kafin ka gama shan shayi ka samu Italiya ko Sifen. Barazil ma ba wuya, tun da teku ce tsakani. Wadda ke gasa mana aya a hannu ita ce Oshiyaniya. Dalili kuwa, da za a haƙa rami daga nan Lakwaya ya ratsa cibiyar duniya, zai ɓulla a tekun Pasifik kusa da tsibiran Samowa, wajen kilomita 20,000 ta kowace fuska ka bi. Su lambarsu 5W, mu 5N. A takarda kamar maƙwabta, a ƙasa kuwa da wuya a sami wanda ya fi su nisa da mu.

Akwai WAZ, wadda mujallar CQ ta Amurka ta yi suna da ita, inda aka kasa duniya shiyya 40, Nijeriya da Nijar suna shiyya ta 35. Amma uwa uba ita ce DXCC, wadda ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, ARRL, ta soma bayarwa a 1937. Sharaɗinta ka kawo shaidar magana da ƙasashe 100. Jerin ƙasashen nata ya kai 340, alhali mambobin Majalisar Ɗinkin Duniya 193 ne, domin ana ƙirga tsibirai da yankunan da ke nesa da uwar ƙasarsu daban. Alaska daban, Hawai daban, har ma hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyu Yok tana matsayin ƙasa guda. Jerin yana tafiya da tarihi: an cire Jamus ta Gabas bayan haɗewar Jamus a 1990, an ƙara Sudan ta Kudu a 2011 da Kosobo a 2018. Wanda ya tara 331 daga cikin 340 ya shiga sahun manya, kuma mutane kan yi shekara ashirin ko talatin kafin su kai nan.

Abin da ke jawo wannan jinkiri shi ne wasu wuraren babu mai lasin a cikinsu. Koriya ta Arewa ba ta ba 'yan ƙasarta izini, don haka ta daɗe a saman jerin ƙasashen da ake nema ruwa a jallo. Tsibirin Bube na ƙasar Norwe, can kudancin Atilantika, ƙanƙara ce da dutse, babu mazauni ko ɗaya. A Fabrairun 2023 wata tawaga ta yi doguwar tafiya a jirgin ruwa ta sauka can ta kafa tasha ta 'yan kwanaki da lambar 3Y0J, dubban mutane a duniya suka hana idonsu barci suna kira. Idan irin wannan tasha ta fito, sai ka ji zango ya rikice kamar kasuwar Getso ranar ci, kowa na faɗin lambarsa, shi kuwa mutum ɗaya yana tsamo su ɗaya bayan ɗaya. Magana ba ta wuce daƙiƙa goma: lambarka, lambarsa, rahoton ƙarfin murya, na gode. A nan ake gane mai tarbiyya. Wanda ya iya sauraro, ya fahimci tsarin mai tashar, ya jira lokacinsa, yakan riga mai ƙarfin na'ura shiga.

Ga wani abu da ya kamata ya faranta mana rai, ya kuma ba mu kunya. Masu lasin da ke fitowa a iska daga Nijeriya da Nijar ba su da yawa in an gwada da Japan ko Jamus. Saboda haka duk ranar da mai lambar 5N ya yi kira, shi ne ake yi wa layi. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 ta zama abin nema a iska.

Ba a karɓar magana sai da shaida

Faɗar baki ba ta ba ka lamba. Kowane mai tasha yana da littafin rajista, yana rubuta rana, lokaci, zango, lambar wanda ya yi magana da shi da rahoton da suka yi musaya. Lokacin ma da agogon duniya ake rubuta shi, wanda agogon Nijeriya ya riga shi da awa ɗaya. Bayan haka sai a yi musayar katin QSL, ɗan kati kamar na gaisuwar salla, mai tabbatar da cewa lalle an yi maganar. Wani kati yakan yi shekara kafin ya iso, wani ba ya isowa sam, sai ka sake neman ƙasar daga farko. Daga 2003 aka buɗe rajistar kwamfuta ta duniya, kowa ya ɗora nasa bayanin, in biyun sun dace a ba ku shaida, in sun saɓa ko da harafi ɗaya ne babu. Ba wanda zai saya maka, ba wanda zai roƙa maka. A ƙasar da muke kuka da satar jarrabawa da takardun bogi, ina ganin yaron da ya saba da irin wannan rajista ya koyi abin da ya fi lambar kanta daraja.

Zamani ya kawo sauƙi. A 2003 aka janye sharaɗin iya bugun Mos daga dokokin duniya, ko da yake masu ƙaunarsa suna nan birjik. A 2017 Joe Taylor, wanda ya sami lambar Nobel ta kimiyya a 1993, shi da abokinsa Steve Franke suka fito da tsarin FT8, inda kwamfuta ke tsamo saƙon da kunne ba zai ji ba, kowane saƙo cikin daƙiƙa 15. A Nuwamba 2018 ƙasar Katar ta harba tauraron ɗan'adam mai ɗauke da na'urar masu sha'awa, QO-100, wanda ke tsaye wuri guda a sama, yana haɗa tashoshi daga Barazil har Tailan, mu muna tsakiya. Da kwanon talabijin na tauraro ake kama shi. Harka ce kuma da ba ta san sarki ko talaka ba. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana da lamba JY1, marigayi Rajiv Gandhi na Indiya VU2RG, kuma a iska da sunan farko kowa ke kiran kowa.

Ina amfaninsa?

Na san wani dattijo a nan zai ce, duk wannan wahala don kati? Tambaya ce mai kyau. A Disamba 2004 wata malama 'yar Indiya, Bharathi Prasad, ta jagoranci tawaga zuwa tsibiran Andaman don kawai masu neman lamba su sami ƙasar. Suna can girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta ranar 26 ga wata ta auku, layukan waya suka katse. Tashar wasan nan ita ta koma ɗaukar saƙonnin agaji da na iyalai zuwa babban yankin Indiya. Mu ma nan mun ɗanɗana. A Satumba 2021, da aka rufe layukan salula a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, maƙwabtanmu, saboda matsalar tsaro, mutane sun riƙa tafiya mai nisa don su buga waya guda. Ba ina cewa a tsallake umarnin hukuma ba ne. Ina nuna cewa wayar da ke aljihunmu aro ce, tana rataye da turken wani da man janaretan wani. Al'ummar da ba ta da masu sanin yadda ake haɗa sadarwa da hannunsu, ranar da ambaliya ko gobara ta kayar da turke sai ta zama kurma.

Amfani na biyu na ɗalibai ne. Yaron da ya auna waya ya yanke da kansa, ya ji muryar wani daga Barazil ta fito, ba zai sake mance darasin igiyar lantarki ba. Zai koyi labarin ƙasa, don dole ya san inda Samowa take. Zai gyara Turancinsa, ya tsinci gaisuwar Faransanci da Larabci. Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977 don ta samar da injiniyoyi da likitoci nata, kuma an ga amfanin haka. Kulob ɗin rediyo ƙaramin reshe ne na wannan tunani.

Roƙona ga ƙungiya

Abin da mai neman nesa ya fi buƙata shi ne fili da shiru, kuma su ne muke da su. A cikin birnin Kano hayaniyar janareto, cajar waya da na'urorin sola marasa inganci takan rufe raunanan muryoyi. A Lakwaya da ƙauyukan Kabo akwai filin miƙa waya, ga dogayen bishiyoyi, ga rana mai cika batir. Kasancewarmu kusa da tsakiyar duniya ma riba ce, don zangunan sama sukan daɗe a buɗe a wajenmu.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu. Na ɗaya, ƙungiya ta saya wa makaranta akwatin gajeren zango mai iya kama maganar masu sha'awa, da waya, da littafin rajista. Sauraro ba ya buƙatar lasin, kuma kowane gwani daga sauraro ya fara. Na biyu, shugaban makaranta ya ba mu malamin kimiyya guda da zai riƙe kulob, mu kuma masu ɗan sani mu riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata. Na uku, mu tuntuɓi ƙungiyar ƙasa da hukumar da ke ba da izini, mu ɗauki nauyin malamin ya sami lasin. Ina jaddada wannan, musamman a halin tsaron da ake ciki: kada yaro ya sayi oba-oba a kasuwa ya hau magana ba izini, laifi ne, kuma zai jawo wa kansa da makaranta fitina. A kuma sanar da Hakimi da jami'an tsaro kafin a kafa eriya, a nisanta ta da wayar lantarki, a cire ta daga na'ura da zarar hadari ya taso. Na huɗu, mu sa wa kanmu lokaci. Kowace shekara a ƙarshen mako na uku na Oktoba, 'yan sikawut na duniya suna haɗuwa ta iska, al'adar da ta faro tun 1958. Ina fatan cikin shekara biyu a ji muryar ɗalibanmu, maza da mata, a wannan haɗuwa.

Ba na yi muku alkawarin ƙasashe ɗari nan kusa ba, domin wannan tafiya ce ta mai dogon numfashi, kuma sannu ba ta hana zuwa. Amma in an kafa tashar da sunan makaranta, ajin bana zai kawo ƙasashe goma, na baɗi ya ɗora nasa, littafin rajista yana nan yana jiran kowa. Ni na yi alkawarin wayar eriya ta farko da littafin, kuma sakatare yana da takarda ga duk mai son sa hannu.

Masu rediyon sha'awa sukan rufe magana da lamba 73, ma'anarta fatan alheri. To, 73 gare ku duka.  Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya mai da kowa gidansa lafiya.